In ɗan haya ya rasu, wa ke da ɗakin?



Kwanan baya wani ɗalibina ya tsaya bayan an tashi karatu, ranshi a ɓace. Wanshi ya rasu a Maraɗi, inda yake aikin amalanke. Ya bar mata da ɗiya 3 cikin ɗakin haya. Kafin rasuwar ya biya kuɗin wata 6, an ci 2 kaɗai. Ana gama sadakar bakwai, mai ɗakin ya aiko a kwashe kaya. Wai shi da mamaci ya yi magana, bai san mata ba. Ɗalibina ya ce: Malam, yana da gaskiya?

Ba shi da ita. Haya ba ta mutuwa tare da ɗan haya. Watannin da aka biya dukiya ce, kamar hatsin cikin rumbu. Magada ke da su: matar da ɗiya, kowa da rabonshi. Su zauna har wa'adi ya cika.

Ba ni na ƙago wannan ba. Littafin Risala, da malamanmu ke karantarwa cikin zaure, ya nuna mutuwar mai zama cikin gida ba ta warware haya. Abin da ke warware ta shi ne ɗakin ya rushe. Dokar gomnati, wadda muka gada daga Faransa, ita ma haka ta ce a aya ta 1742: ko mai gidan ya rasu, ko ɗan haya, alkawari yana nan. Ashe in mai ɗakin ne ya riga, ɗiyanshi ma ba su da ikon kora.

Ga kuma zancen takaba, wata 4 da kwana 10. Matar da mijinta ya biya haya kafin ya rasu, a ɗakin nan za ta yi takaba. Ko dangin miji ba su da ikon fidda ta don su karɓe sauran kuɗin. Na faɗi haka don na sha gani. Wani lokaci ba mai ɗaki ne mugu ba, ƙanen mamaci ne.

Amma kada mu danne haƙƙin mai ɗaki. Wanda ya gaji zama ya gaji biya. In mamaci ya bar bashin haya, daga dukiyarshi za a fara fidda shi, kafin a raba gado. In kuwa hayar ta wata-wata ce, ba a yanka wa'adi ba, ba a biya gaba ba, to ƙarfin magada kaɗan ne. Sai su tafi wurin mai ɗakin da lalama, a sabunta magana gaban shaidu.

Na tambayi ɗalibina ko akwai takarda. Ya koma Maraɗi, suka bincike aljihun tsohuwar rigar mamaci. Suka tarda ƴar takarda a ninke, da kwanan wata, da yawan kuɗi, da sa hannun mai ɗakin. Shi da kanshi ya karanta ta gaban mai unguwa, a hankali, baƙi bayan baƙi. Mai ɗakin bai yi gardama ba. Matar tana nan cikin ɗakinta, saura wata 3 wa'adi ya cika. Dangi na shawara ko ta komo ƙauye kafin damina.