Fenti ba ya riƙe rufi: a ɗauki hoton aji kafin a yaɓe shi

A garin Miki na ƙasar Japan akwai wani katafaren dandamali mai suna E-Defense, wanda aka buɗe a 2005. Ana gina bene na kankare a kansa, sannan na'ura ta jijjiga shi irin ta girgizar ƙasa. A irin waɗannan gwaje-gwaje injiniyoyi kan yayyafa ɗigo-ɗigon baƙin fenti a jikin ginshiƙi, kyamara ta riƙa ɗaukar hoto bi da bi, kwamfuta ta kwatanta yadda kowane ɗigo ya gusa. Ta haka ake gano inda kankare ya fara tsagewa tun ido bai gani ba.

Wani zai ce mu a Guna ina ruwanmu, girgizar ƙasa ba ta dame mu ba. Gaskiya ne, ba Maroko muke ba, inda ta 8 ga Satumba 2023 ta kashe kusan mutum 3,000. Amma mu damina ce ke jijjiga mana gini. Ranar 3 ga Satumba 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Birnin Damagaram, kuma a shekarar sai da aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba saboda ambaliya. A Jos kuwa, ranar 12 ga Yuli 2024, benen makaranta ya rufta kan ɗalibai ba tare da ƙasa ta motsa ba, mutum 22 suka rasu.

Tun gobarar Yamai a Afrilun 2021 da ta Maraɗi a Nuwamban shekarar, waɗanda suka ci yara fiye da 40 a azuzuwan zana, kowa ke kiran a gina na siminti. Kiran daidai ne. Inda muke kuskure shi ne yadda muke karɓar ginin: a zo da ƴan rakiya, a duba fenti, a tafa, a miƙa makulli. Wa ya ƙirga rodin da ke cikin ginshiƙi? Wa ya ga buhu nawa na siminti aka zuba wa yashi? Kankare yana buƙatar a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 ake auna ƙarfinsa. A zafin Damagaram, wanda aka bari ya bushe da wuri ya raunana ke nan, yaɓe kuma ya rufe asirin.

To, iyaye da malamai, kyamara tana aljihunku. Kwamitin kula da makaranta, wato CGDES, ya sa mutum biyu su ɗauki hoton rodi kafin a zuba kankare, da hoton bulo kafin a yaɓe. Ajin da ya riga ya tsage, a kara rula a kan tsagar, a rubuta kwanan wata a gefenta, a ɗauki hoto daga wuri guda kowane wata. Idan tana faɗaɗa, ko ta tafi a karkace daga kusurwar taga, ko tsatsa na fitowa daga ginshiƙi, a fitar da yara, a kai hotunan wa magajin gari da hukumar ilimi ta Miriya.

Za a ce malami ba injiniya ba ne, wayar hannu kuma ba ta kai na'urar Japan ba. Haka ne, hukunci na injiniya ne. Sai dai injiniya ba ya kwana a ƙauye, malami ne ke ƙarƙashin rufin kullum da yara sittin ko fiye. Hoto mai kwanan wata shi ke hana a ce masa tsagar ta fenti ce kawai. Kuma ɗan kwangilar da ya san za a ɗauki hoton rodinsa zai yi tunani sau biyu kafin ya rage.

Idan aji ya faɗi, mukan ce ƙaddara. Allah ya kiyaye mana ƴaƴanmu, amma buhun simintin da aka karkatar akwai hannun da ya ɗauke shi, akwai kuma wanda ya sa hannu a takardar karɓar ginin. Kafin damina mai zuwa, kowane kwamiti ya zagaya azuzuwansa da rula da waya.