Wai "Nazari" Suke Yi: Martani Ga Masu Halatta Cacar Dambe

  

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan wata shi ne wata magana da wani matashi ya tare mu da ita a garin Utai, cikin ƙaramar hukumar Wudil, bayan an tashi daga karatun tsakanin Magariba da Isha'i. An yi bayani a kan haramcin caca, sai ya biyo mu waje cikin ladabi, ya ce: "Allah gafarta Malam, duk abin da aka faɗa gaskiya ne, amma bai shafe ni ba. Mai caca shi ne mai jefa karta yana jiran sa'a. Ni kuwa kafin in ɗora kuɗi a kan ɗan dambe sai na yi nazari, na san tsawon hannunsa, na san ko bahago ne, na san ko ɗan kokawa ne aka haɗa shi da mai naushi. Ilimina nake ci." Muka yi shiru muna dubansa, domin yaron kirki ne, ba a rasa shi a sahun farko in ban da Asuba. Daga baya ne muka gane dalilin rashin ganinsa da Asuba.

Da a ce shi kaɗai ne, da nasiha a keɓe ta wadatar. To amma wannan shubuha ta yaɗu. Ana jin ta a gidajen kallo, da majalisun masu shayi, da wuraren cajin waya, tun daga Utai har cikin Wudil, har a bakin wasu ɗaliban jami'a waɗanda ake zaton ilimi zai sa su fi kowa gane tarko. Shaiɗan bai ce musu su sha giya ba, bai ce su bar salla ba. Suna kawai ya canza wa abin, ya kira caca nazari, shi ke nan.

Dambe ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Wasan rundawa ne tun asali, ana yin sa da kaka bayan an kai amfani gida, a ɗaure hannu ɗaya da ƙyalle da igiya, ɗayan ya zama garkuwa, a yi turmi uku, wanda ya kai ƙasa a ce an kashe shi. Iyayenmu sun san Shago, sun san kiɗan Ɗan Anace. Daga baya abin ya bar dandali ya koma gidan da ake biyan kuɗin ƙofa, irin na Ado Bayero Square a Sabon Garin Kano da na Dei-Dei a Abuja, aka kasa 'yan wasa zuwa Kudu da Arewa da Guramada. Mu ba mu taɓa yabon wannan wasa ba, kuma za mu faɗi dalili. Sai dai a da, mai son ɗora kuɗi sai ya wanke ƙafa ya je gidan damben, ya nemi abokin musu ido da ido, kuma yana kunyar a gan shi. Yanzu gidan damben da gidan cacar duk sun shige cikin wayar da ke aljihun ɗanka, yana kwance a ɗakin da ka gina masa.

A kan wannan kuma aka ƙaro mana wani damben daga Amurka, wanda ake yi a cikin keji, a haɗa naushi da shuri da kokawa da maƙura da murɗe gaɓa. Kamfanin UFC da ya fi shahara da shi ya fara ne a 1993 a birnin Denver, kuma tambayar da aka tallata shi da ita tun farko ita ce wadda matasanmu ke ɓata dare a kanta yau: wane salon faɗa ne ya fi wani? A wancan karo na farko wani ɗan Brazil, Royce Gracie, wanda bai kai abokan karawarsa jiki ba, shi ya cinye da dabarun kamu da maƙura. Abin bai shiga zukatan yaranmu sosai ba sai da 'yan Afirka suka fara ɗaukar kambu: Kamaru Usman haifaffen Auchi da Israel Adesanya haifaffen Legas a 2019, sai Francis Ngannou ɗan Kamaru a 2021. Aka ce namu ne, sai a goyi baya. Kamfanonin caca kuma suka fassara goyon baya da ɗora kuɗi. Manyan wasannin da ake yi a Amurka suna faɗowa ne wajen ƙarfe uku ko huɗu na dare a agogonmu, babban karon kuma ya zo daidai lokacin da ladan ke kiran salla. Ga inda Asubar yaronmu ta tafi.

To bari mu bi mai nazari a kan nazarinsa, mu auna shi da ma'aunin da ya yarda da shi.

A watan Agusta na 2022, a birnin Salt Lake, Kamaru Usman ya kara da Leon Edwards na Ingila. Duk abin da mai nazari ke dubawa yana wajen Usman: gwanin kokawa ne, ya taɓa doke Edwards ɗin a 2015, ya yi nasara sau 15 a jere a UFC, kuma har aka shiga turmi na biyar shi ke kan gaba a takardun alƙalai. Saura ƙasa da minti ɗaya a tashi, Edwards ya ɗaga ƙafar hagu ya same shi a ka, ya faɗi sumamme. Muna tambaya, wane littafi ne ya faɗi wannan ƙafa? A watan Satumba na 2023 kuma, a birnin Sidni na Ostireliya, aka haɗa Adesanya da Sean Strickland, wanda kusan duk masu sharhi suka ce ba sa'ansa ba ne. Strickland ya bi shi turmi biyar ya ƙwace kambun. A gidan dambenmu ma wa bai taɓa ganin ƙaramin yaro ya kashe shahararre da hannu ɗaya ba? Abin da ke cikin daƙiƙa mai zuwa gaibu ne, kuma wanda ya ɗora dukiyarsa a kan gaibu don ya ci ta wani, ɗan caca ne, ko da ya haddace tarihin 'yan damben duniya.

Akwai kuma abin da mai nazari ba ya gani sam. A watan Nuwamba na 2022, a Las Vegas, wani ɗan wasa mai suna Darrick Minner ya shiga keji da rauni a ƙafa wanda ba a bayyana ba. Sa'o'i kaɗan kafin wasan sai aka ga maƙudan kuɗi suna kwarara a kan cewa zai sha kashi, kuma haka aka yi, minti ɗaya da 'yan daƙiƙu aka gama da shi. Hukumar wasanni ta jihar Nebada ta dakatar da shi da mai horar da shi, James Krause, har lardin Ontariyo na Kanada ya tsayar da karɓar caca a kan wasannin UFC na ɗan lokaci. Waɗanda ba su san halal da haram ba ke nan suka tsorata da abinsu. Kai kana zaune a Utai kana auna tsawon hannu, wani yana can ɗakin horo ya san ƙafar a karye take. Wa zai ci wani?

Mu ma ƙaddara babu maguɗi. Ga lissafin da muke so kowane mai waya ya yi da kansa. A ce an haɗa 'yan dambe biyu masu ƙarfi ɗaya, kamfani ya ce duk wanda ka zaɓa, in ya ci, Naira 1,000 za ta dawo maka 1,850. Mutum 100 suka bi wannan, mutum 100 suka bi wancan. Kuɗin da ya shiga hannun kamfani Naira 200,000 ne. Ko wa ya yi kisa, abin da zai fitar 185,000 ne, ya riƙe 15,000 ba tare da an naushe shi ko sau ɗaya ba. A wannan farashi, sai ka dace a fiye da 54 cikin 100 na wasanninka kafin ma ka mai da uwar kuɗinka. Masu haɗa wasa biyar a tikiti ɗaya kuwa sun fi kowa ban tausayi: ko da kowane zaɓi nasu yana da rinjayen 70 cikin 100, yiwuwar duka biyar su zo daidai ba ta kai 17 cikin 100 ba. Shi ya sa kullum zancen ɗaya ne, wai wasa ɗaya ne ya yanke. An gina abin ne domin ya yanke. Shi kuma kamfani yana da ma'aikata da kwamfutoci waɗanda suka riga ka sanin duk abin da kake taƙama da shi, sun kuma saka shi cikin farashin tun kafin ka farka.

Wannan duk mun kawo shi ne don a ga ɓatancin hujjarsu ko a ma'aunin duniya. Amma alal haƙiƙa, ko da ana ci kullum, hukuncin bai canza ba. Allah (SWT) Ya ambaci caca tare da giya a Suratul Baƙara aya ta 219, Ya tabbatar akwai ɗan amfani a cikinsu, Ya ce zunubinsu ya rinjaye shi. A Suratul Ma'ida aya ta 90 da ta 91 Ya jera ta da giya da gumaka da kiban ƙuri'a, Ya kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan, Ya yi umarni a nisance su, Ya kuma faɗi illolinsu: jefa gaba da ƙiyayya, da kange mutum daga ambaton Allah da salla. Ba a ce sai cacar jahili ba. Malamai sun bayyana ta da cewa ita ce duk yarjejeniyar da kowane ɓangare ya shiga yana tsakanin ci da asara, bisa abin da bai san ƙarshensa ba. A hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya gayyaci abokinsa zuwa caca da baki kawai an umarce shi ya yi sadaka. To ina ga wanda ya tura wa ƙannensa lambar tikiti ya ce su bi?

Sukan ce ai Manzon Allah (SAW) ya yi kokawa da Rukana. Ya yi, kuma ba mu hana kokawa mai tsabta da motsa jiki ba, Musulmi mai ƙarfi abin so ne. Amma kai kokawar kake yi, ko kana kishingiɗe kana sayen sakamakon kokawar wasu? Hadisin da ya yi rangwamen sa lada a gasa ya ambaci harbi da tseren raƙuma da na dawaki, abubuwan tanadin kare al'umma, kuma bai buɗe wa 'yan kallo ƙofar cin kuɗin juna ba. Wasu kuma sun ji labarin Sayyidina Abubakar (RA) da mushrikan Makka a kan yaƙin Rumawa da Farisawa sai suka riƙe shi, alhali jumhurun malamai sun bayyana cewa wannan ya faru ne kafin saukar haramcin.

Shi kansa wasan da ake cacar a kansa fa? An hana dukan fuska a ingantaccen hadisi, kuma Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka, a zamanta na 10 cikin 1987, ta yanke cewa damben da ake yi a fagage haramun ne saboda an gina shi a kan halatta cutar da juna. A namu na gargajiya ga ƙarin layu da guraye da tsagar hannu a cusa magani, da kirarin da wani lokaci yake kai mutum bakin shirka, wal'iyazu billah. Mai ɗora kuɗi yakan sa har wannan cikin nazarinsa, ka ji yana cewa wane yana da asiri, ba ya faɗuwa a gidan wane. Ka ga an tashi daga ɓarnar dukiya an shiga ɓarnar aƙida. Kuma kada a zaci masu cacar duniya ba su hango damben Hausa ba: cikin 'yan shekarun nan kamfanin African Warriors mai shirya wasanninsa ya samu tallafin Stake, kamfanin caca na intanet. Jinin ɗan Bahaushe ke zuba a ƙasa, tallan caca na rataye a bayansa.

Mun yaba wa Hukumar Hisba ta jihar Kano da ta rufe shagunan caca 30 a watan Oktoba na 2024. A watan Nuwamba na shekarar kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar caca ta tarayya ta 2005 ba ta hau kan jihohi ba, ikon na jihohi ne. Ke nan uzurin da aka daɗe ana fakewa da shi, wai lasisin daga Abuja yake, ya faɗi, kuma jihar da ta ƙaddamar da Shari'a tun 2000 ba ta da sauran abin cewa. Sai dai kwaɗon da Hisba ta sa wa shago ba ya rufe waya. Nan aikin ya dawo kanmu. Uban da ya ga kuɗin taki ya ragu, ko ɗansa ya kai tunkiya karar Wudil ranar Juma'a ya dawo da labari maimakon kuɗi, ya zaunar da shi ya duba wayar tare da shi. Mai sana'ar POS da ya san inda kuɗin za su, ya ƙi turawa, domin taimako ne a kan saɓo. Masu gidajen kallo su ji tsoron Allah su daina buɗe ƙofa da ƙarfe ukun dare. Limamanmu kuma su ambaci abin da sunan da yara suka san shi da shi, domin in an ce caca kawai, kowa sai ya waiwayi mai karta.

Yaronmu ya dawo bayan mako biyu da tambaya ɗaya: kuɗin da ya rage a asusunsa na wancan kamfani fa? Muka ce ya cire abin da ya san shi ya zuba, abin da ya hau kai na ci ne, ya fitar da shi ga mabuƙata ko aikin amfanin jama'a, da niyyar tsarkake kansa, ba da niyyar ladan sadaka ba, sannan ya rufe asusun ya goge manhajar a gabanmu. Ya ce akwai babban wasa ranar Asabar, a bari ya wuce tukuna. Muka ce a'a, yanzu. Ya daɗe yana kallon wayar kafin ya danna.