Ganin Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Shawara Ga Mai Niyyar Zaga Italiya Da Ɗan Guzuri

'Yan'uwana ɗalibai da yayyenmu sababbin ma'aikata, zuwa Italiya ya daina zama abin da sai 'ya'yan attajirai ke mafarkinsa. A birnin Rum hedkwatar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya take. A Turin akwai cibiyar horo ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya. A Tiriyaste kuwa akwai cibiyar nazarin kimiyyar lissafi da fiziks wadda Farfesa Abdus Salam ya kafa a 1964, inda masu nazari daga ƙasashe irin namu ke zuwa kwas. Sau da yawa wanda aka tura yakan sami rarar kwana biyar ko bakwai, sai ya shiga tambayar yadda zai ga ƙasar ba tare da aljihunsa ya yage ba. Amsar da aka saba ba shi ita ce ya bi Rum, Fulorans, Fisa, Benis da Milan a jere. A nawa ra'ayi wannan shawara ta mai kuɗi ce aka ɗora wa talaka, kuma ya kamata a daina yaɗa ta.

Duk ranar da matafiyi ya sauya gari, sau uku yake biya. Ya biya kuɗin jirgin ƙasa, ya biya da rabin yininsa wajen ɗaure kaya da neman masauki, sa'an nan ya biya kuɗin baƙunta, domin wanda bai san unguwa ba a bakin dandalin 'yan yawon buɗe ido zai ci abinci, inda komai ya ninka. Mai gari biyar a kwana shida zai koma gida da hotuna jingim, amma in ka tambaye shi yadda mutanen Fulorans ke cin kasuwa, sai ya yi shiru. Ya hango Dala ne kurum. Gari biyu, in an matsa uku, sun ishi mai mako guda.

Kafin a kai ga wannan ma, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun watan Yuni na 2024 kuɗin bizar Shengen ya koma Yuro 90, kuma tilas ne mai nema ya nuna inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Ga wanda albashinsa ko alawus ɗinsa na Naira ne, musamman bayan sakin darajarta da aka yi a 2023, kowane Yuro guda abin lissafi ne. Wanda kuma ya zarce kwanakin da aka rubuta masa, ya sani ba kansa kaɗai ya cuta ba; ya ƙara tsaurara ƙofa ne ga ƙannensa da za su nema gobe.

Wani abin lura shi ne yawancin shawarwarin da ke yawo ɗaliban Turai ne suka rubuta wa junansu. Za ka ji an ce matashi na shiga gidajen tarihi na gwamnati da Yuro 2 kacal. Gaskiya ne, amma rangwamen na 'yan Tarayyar Turai ne masu shekara 18 zuwa 25. Kai mai koren fasfo cikakken kuɗi za ka biya. Abin da ya shafe ka shi ne Lahadin farko ta kowane wata, ranar da, tun 2014, ake buɗe gidajen tarihi na gwamnati kyauta ga kowa, har da Kolosiyam na Rum da kangon birnin Fomfe, wanda dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79. Gidajen tarihin Fadar Paparoma kuwa Lahadin ƙarshe ce tasu. Layi dogo ne ƙwarai, sai a yi sammako. Wanda yake da ikon zaɓen ranakunsa, ya gina tafiyarsa a kan waɗannan Lahadi, ya kuma guji watan Agusta, lokacin da zafi ke tsananta, masu shaguna da yawa su rufe su tafi hutu a kewayen ranar 15 ga wata.

Batun jirgin ƙasa shi ne inda kuɗi ya fi zurarewa. Jirage masu gudu, wato Frecciarossa da Italo, na kai mutum daga Rum zuwa Fulorans cikin awa ɗaya da rabi, amma farashinsu hawa yake yi yayin da ranar tafiya ke matsowa. Mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka, sai a saya tun da sauran makonni. Jirgin yanki kuwa, wanda suke kira Regionale, kusan awa huɗu yake ɗauka a kan wannan hanya, sai dai kuɗinsa tsayayye ne ko da a ranar ka saya. Ɗalibin da ya saba da motar Kano zuwa Maiduguri ba awa huɗu ce za ta ba shi tsoro ba. Hattara dai: in tikitin takarda ne, sai an cusa shi a cikin ɗan injin da ke tasha ya buga masa hatimi kafin a hau, in ba haka ba mai duba tikiti zai ci ka tara, kuma cewa kai baƙo ne ba zai fisshe ka ba.

A wajen ci da sha, mutanen Italiya sun yi wa talaka tanadi, in ya san hanya. A Rum akwai famfunan titi kimanin 2,500 da ake kira nasoni, ruwansu mai sanyi, na sha, kuma kyauta. Gora guda ta wadatar. Gahawar da ka sha a tsaye a gaban kanta ta fi wadda ka zauna a tebur arha, wani lokaci nesa ba kusa ba. Gidajen abinci da dama na ƙara wani kuɗi mai suna coperto a kan kowane mutum saboda zama kawai, alhali fizar da ake yankawa a auna a sikeli tana ƙosarwa ba tare da wannan ba. Musulmi ya riƙe kalmomi huɗu a kansa, prosciutto, pancetta, guanciale da strutto: ukun farko naman alade ne, na ƙarshe kitsensa, kuma ana sa shi a wasu nau'o'in burodi. Masauki kuma yana da harajin kwana da hukumar gari ke karɓa, wanda sau da yawa ba ya cikin farashin da ka gani a intanet.

To, waɗanne garuruwa? Rum ba ta da makwafi, wannan babu gardama. Gardamar tana kan na biyu, kuma jama'a Benis suke cewa. Ban musa kyawunta ba, gari ne da aka gina a kan ruwa, babu irinsa. Amma tikiti guda na jirgin ruwan haya Yuro 9.50 ne, kuma tun 2024 hukumar garin ta fara karɓar kuɗin shiga daga masu zuwa su juya a yini ɗaya a wasu ranaku na cunkoso. Wanda ya nace sai ya gan ta, ya kwana a Mestire, 'yan mintoci kaɗan a jirgin ƙasa, ya yi yawonsa da ƙafa. Yana da hujja guda mai ƙarfi ta zuwa: a Benis ne aka buga, a 1550, littafin Alhasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Liyo Afirkanus, inda ya kawo labarin Kano, Katsina, Zazzau, Zamfara da Gobir. A Rum ya rubuta shi, bayan da 'yan fashin teku suka kama shi aka miƙa shi ga Paparoma. Masana na jayayya ko ya taka ƙasar Hausa da ƙafarsa ko labari ya ji, amma ta hanyarsa Turawa da yawa suka fara karanta sunayen garuruwanmu.

Duk da haka, ni kudu nake zaɓa wa mai ɗan guzuri, wato Nafoli da Falarmo. Masauki da abinci sun fi sauƙi a can, kuma akwai abin da ɗalibin tarihi ba zai samu a arewa ba. Falarmo, babban birnin tsibirin Sisiliya, ya kasance a hannun Musulmi daga 831 zuwa 1072, kuma sarakunan Norman da suka ci shi ba su kori masanan da suka tarar ba. A fadar Sarki Roja na Biyu ne al-Idrisi ya kammala littafinsa na labarin ƙasa a 1154, da taswirarsa wadda ta sa kudu a sama, arewa a ƙasa, ya kuma yi bayanin Gana da Kanem. Har yau mai yawo zai ga majami'u masu jajayen ƙubbobi irin na ginin Larabawa, kasuwar Ballaro kuma da ihun 'yan tallarta za ta fi tuna maka Kurmi fiye da duk wani titi na Milan. Masu cewa kudu akwai 'yan sane, sai a ce musu tashar Tarmini ta Rum ma akwai su. Fasfo da kuɗi a aljihun ciki suke zama ko'ina.

Hanyar zuwa ita kanta abin kallo ce. Akwai jirgin ƙasa na dare da ke tashi daga Rum zuwa Falarmo, wanda in ya iso mashigin Mesina sai a tura taragunsa cikin jirgin ruwa, a haye da su, a mai da su kan dogo a ɗaya gefen. Wanda ya bi shi ya huta da biyan masaukin dare guda, kuma gari zai waye masa a gaɓar tekun Sisiliya.