Motocin ƙwanji a cikin kwali

A ƙasar Amurka akwai wata haja wadda ba ta bin ƙa'idar da ƴan kasuwa suka saba da ita. Kwali ne da bai kai na takalmi girma ba, cike da gutsattsarin farar roba, da ƴan tayoyi huɗu, da takardar bayani. In aka bi takardar, aka manna gutsattsarin, aka shafa musu fenti, sai ƴar mota ta fito wadda tsawonta bai wuce taƙi guda ba. Amma da yawa daga cikin masu sayen kwalin ba za su taɓa buɗe shi ba, domin da zarar an yage ledar da ta lulluɓe shi, kuɗinsa ya sauka. Wadda aka ɓata makonni ana haɗawa kuwa, sau da yawa ba ta kai darajar wadda hannu bai taɓa ba. A wannan ciniki, aikin hannu rage wa kaya kuɗi yake yi.

Ba za a gane dalilin haka ba sai an fara da manyan motocin da ake kwaikwayo, waɗanda Amurkawa ke yi wa laƙabi da motocin ƙwanji. A shekarar 1964, injiniyoyin Pontiac, wani reshe na kamfanin General Motors, a ƙarƙashin John DeLorean, suka ɗauki moter mai silinda 8, mai kusan litir 6 da rabi, wanda aka yi domin manyan motoci, suka dasa shi cikin matsakaiciyar mota marar nauyi. Dokar kamfanin ta hana a sa wa irin wannan mota moter da ya kai litir 5 da rabi. Sai suka kewaye dokar, suka ce ai ba sabuwar mota ba ce, ƙari ne da mai saye ke zaɓa in ya so, suka sa masa suna GTO. An yi tsammanin sayar da dubu 5. A shekarar farko aka sayar da dubu 32 da 450. Ganin haka sauran kamfanoni suka shigo fage. Dodge ya fito da Charger, Plymouth ya fito da Road Runner, Chevrolet kuma a 1970 ya sa wa Chevelle moter mai ƙarfin doki 450. Motoci ne masu ruri, masu shan isansi kamar raƙumin da ya iske rijiya, kuma an tsara farashinsu yadda saurayi mai albashi zai iya biya.

Zamaninsu bai kai shekara 10 ba. Kamfanonin asiransi suka lura da yawan haɗarin da samari ke yi da su, suka ɗaga kuɗi. Dokar tsabtace iska ta 1970 ta tilasta rage ƙarfin moter. Shahararren moter ɗin nan Hemi mai litir 7 bai tsallake 1971 ba. Da ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai a watan Oktoba na 1973, sai aka yi wa zamanin sutura. Plymouth ya rufe a 2001, Pontiac a 2010. Abin da ya saura ya zama na attajirai: wata Hemi 'Cuda ta 1971 mai rufin da ake naɗewa, wadda dukan irinta da aka ƙera ba su kai 15 ba, an yi gwanjonta a 2014 a kan dalar Amurka miliyon 3 da rabi.

Ƴan motocin roba kuwa asalinsu talla ne. Kamfanin AMT, wanda aka kafa a 1948 a jihar Michigan, kusa da Detroit, uwar masana'antun mota, yana yi wa dillalai ƙananan motoci haɗaɗɗu domin su nuna wa mai saye siffa da launi, wani lokaci a miƙa wa ɗansa kyauta. Saboda haka kamfanonin mota kan ba AMT da abokin gasarsa Jo-Han zanen sabuwar mota a asirce tun kafin ta fito kasuwa. A 1958 AMT ya ga babu dalilin barin wannan zane ya tsaya a teburin dillali. Sai ya fara zuba gutsattsarin cikin kwali ba tare da an haɗa ba, ya ƙara wasu, yadda yaro zai zaɓi ɗaya cikin uku: ya gina ta kamar yadda ta fito daga masana'anta, ko ya yi mata kwalliya, ko ya mai da ita ta tsere. Ma'aunin shi ne kashi 1 cikin 25. Charger ta 1969, wadda ta haura metir 5, takan koma santimetir 21.

Kwalin bai wuce dala 2 ba a shekarun 1960, dalar Amurka ke nan, ba dalar kasuwar Maraɗi ba. Yaron da shekarunsa ba su kai na tuƙi ba yakan ga GTO ta wuce ƙofar gidansu, ya tara kuɗin kashewarsa, ranar Asabar ya saye ta a butiki. Yaran Damagaram da Tawa da ke lanƙwasa waya da gwangwani su fitar da kamyon da suka gani a tasha sun san wannan ƙaiƙayi. Bambancin shi ne, na Amurka an riga an yi masa rabin aikin, kuma kasuwa ta gano yadda za ta ci riba da shi. A 1963 wani tsohon ma'aikacin AMT, George Toteff, ya kafa nasa kamfani mai suna MPC, wanda ya shahara da motocin Dodge da Pontiac. Revell da Monogram su ma suna nan, sai dai Monogram ya fi son ma'aunin kashi 1 cikin 24.

Jarin wannan sana'a ba roba ba ne. Robar ba ta da wani kuɗi. Jarin shi ne ƙarfen zubi, wato manyan tubalan baƙin ƙarfe guda biyu da aka sassaƙa siffar kowane gutsure a jikinsu, a haɗe su, a tura narkakkiyar roba da ƙarfi, ta daskare, a buɗe. Maƙerin da ke zubin tukunya yakan rushe ƙasarsa bayan kowane zubi. Wannan kuwa sau ɗaya ake sassaƙa shi, da tsada mai yawa, sa'an nan ya yi ta haihuwa dubbai a kan dubbai. To, da yake kamfanonin Detroit kan sauya fuskar motarsu kowace shekara, masu ƴan motoci ba su iya sassaƙa sabon ƙarfe duk shekara ba. Sai su gyara na bara. A cike nan, a rarake can, motar 1968 ta koma ta 1969. Da zarar an yi haka, ta 1968 ta mutu ke nan, babu sauran hanyar zuba ta. A farkon shekarun 1970 AMT ya yi abin da masu tarawa ba su yafe masa ba har yau: ya ɗauki ƙarafan wasu motocin tsakiyar shekarun 1960, ya yayyanke bakin tayoyinsu ya mai da su na tsere, domin ya samu abin sayarwa da araha. A lissafin wannan shekara dabara ce. Ba wanda ya zaci akwai ranar da za a nemi ainihin siffar ido rufe.

Daga nan tsadar ta samo asali. Kwalin da ƙarfensa ke raye ana iya sake buga shi gobe. Wanda ƙarfensa ya sauya ko ya ɓata, iyakarsa abin da ya tsira daga hannun yara, kuma yara ba su bar da yawa ba.

Rikicin mai na 1973 ya bugi ƙananan kamar yadda ya bugi manyan, tun da robar daga man fetur ake samunta. Yaran suka girma, ƙannensu suka koma ga wasannin telebijin. Kamfanonin suka riƙa sauya iyayengiji. Ertl ya haɗiye AMT da MPC a shekarun 1980, Revell da Monogram suka haɗe a 1986. A kowane ciniki, abin da ake biya wa kuɗi shi ne suna da ƙarafan zubi. Jo-Han bai yi sa'a ba: ya durƙushe, kuma yawancin ƙarafansa sun salwanta.

Sa'an nan sai yaran jiya suka dawo, sun zama magidanta masu albashi. Wanda bai iya sayen Chevelle ta gaske ba ya koma ga ta kwali, amma da haƙurin da bai da shi yana ɗan shekara 12. Magini na ƙwarai yakan fara da goge layin da bakin ƙarfe ya bari a jikin roba, ya fesa fenti da ƴar na'urar iska, ya bar shi kwanaki ya bushe, ya goge shi har ya ɗauki ido. Yakan nemi ainihin launin da masana'anta ta yi amfani da shi a wannan shekara, domin alƙalan gasa sun san launin da bai dace ba. Ƙyallin gefen gilashi ana yin sa da wata takardar ƙarfe mai tsananin sirantaka, a shimfiɗa, a yanke da tsinin aska. Wasu har sukan huda moter da allura su sa wayoyin wuta 8, kowace ta tafi silindar da ya kamata. Gam ɗin ma ba mannewa yake yi ba, narkar da robar yake yi ta zama ɗaya. Shi ya sa ɗigo guda a kan gilashi ya isa ya ɓata aikin wata. Wannan gam ya taɓa jawo surutu a shekarun 1960, lokacin da samari suka fara shaƙarsa kamar yadda ake shaƙar sholisho, har kamfanin Testors ya zuba masa man mustad mai yaji don ya kore su.

Tsakanin magini da mai tarawa akwai tsohuwar jayayya. Magini ya ce an yi kwalin don a buɗe. Mai tarawa ya ce duk wanda aka buɗe ya rage adadin da ya saura a duniya. Hujjar magini ta fi nauyi, kuma ba don son zuciya ba. Kayan da ke cikin rufaffen kwali ba barci suke yi ba. Tayoyin wata irin roba ce mai laushi, wadda in ta daɗe tana jingine da jikin motar ko da gilashinta sai ta ci shi, ta bar tabo. Takardar ado takan yi ja, ta farfashe in an jiƙa ta. Zafin ɗaki kan lanƙwasa rufin motar. Mai kwalin da ba a buɗe ba shekara 50 bai san abin da ya mallaka ba, wanda zai saya daga hannunsa ma bai sani ba. Ga kuma maguɗi, domin injin naɗe kwali da leda ba shi da wuyar samu.

Babbar barazana ga mai tarawa, duk da haka, daga masu ƙarfen take zuwa. Tun 2008 kamfanin Round 2 na jihar Indiana ya karɓi ragamar AMT da MPC, ya shiga tonon rumbunan ajiya yana fito da tsofaffin ƙarafa, yana sake buga su cikin kwali mai zanen da. Wanda ya biya ɗaruruwan daloli jiya sai ya iske irin kayansa a butiki da kuɗin da bai kai rubu'i ba. A ƴan shekarun nan abin ya wuce haka. Ana ɗaukar tsohon kwalin da ƙarfensa ya ɓata, a auna gutsattsarinsa da na'ura, a sassaƙa sabon ƙarfe, yawanci a ƙasar Sin. Ta haka Dodge Coronet ta 1968 ta MPC, wadda aka daɗe ana farauta, ta dawo kasuwa. Masu injin buga abu da roba a gida su ma suna fitar da gutsattsarin da a da sai an sayi kwali sukutum kafin a same su.

Wani lokaci kuma iskar takan kaɗa ta ɗaya gefen. Babu mai buga siffar mota sai da lasisin mai ita. Charger ta 1969 mai ruwan lemo da ake kira General Lee, ta wasan telebijin The Dukes of Hazzard da aka nuna daga 1979 zuwa 1985, tana cikin kwalayen da MPC ya fi sayarwa. A rufinta akwai tutar jihohin kudu da suka yi yaƙi don riƙe bayi. A 2015, bayan kisan baƙaƙen fata 9 a wata majami'a a Charleston, kamfanin Warner Bros. ya daina ba da lasisin kayan wasa masu wannan tuta. Ƙarfen yana nan lafiya lau, amma tsofaffin kwalayen suka zama abin nema.

Akwai abin da lasisi da ƙarfe ba su da magani a kansa. Yaron da ya ga GTO sabuwa a 1964 yana ɗan shekara 12, yau ya haura 70. Mujallar Scale Auto, wadda ta fara fita a 1979, ta tsaya a 2020. Babbar gasar maginan ƴan motoci ta Salt Lake City, wadda ita ma aka fara a 1979, an yi ta ƙarshe a 2023. Akwai gidaje da yawa a Amurka inda dattijo ya tara ɗaruruwan kwalaye a ɗakin ƙasa, yana cewa sai ya yi ritaya zai zauna ya haɗa su, ido da hannu kuwa ba su jira shi ba. In ya rasu, magada ba su san wanne ne wanne ba, gidan kuma ana son a sayar. Dillali yakan zo da mota, ya yi wa ɗakin gaba ɗaya kuɗi guda, a loda masa. Da ya isa shagonsa, kafin ya duba sauran, na Jo-Han yake fara warewa gefe.