Tirelar tarakta ba motar haya ba ce

1/ Duk lokacin girbin shinkafa a Bakolori abu ɗaya nake gani daga Birnin Tudu zuwa Talata Mafara: tarakta na jan tirela, buhuna sun yi tsiri, matasa zaune a sama har da ɗaukar bidiyo. Jama'a, mu daina.

2/ Yawancin tirelolin nan ba su da birki. Tarakta ce kaɗai ke tsayar da kanta da kayan. In lodi ya yi yawa, a gangara tirela ce ke tura ta.

3/ Direba, kada ka sa firi a gangara wai tsimin dizal. Giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka. In ka hau kwalta, ka haɗa birkin hagu da na dama. Ɗaya ya kama shi kaɗai, juyawa za ta yi.

4/ In za ka jawo motar da ta kafe, ɗaura sarƙa a ƙarfen ja na ƙasa. Ka ɗaura sama da tsakiyar tayoyin baya, gaba zai ɗaga ta kife a kanka kafin ka taka kuloci.

5/ Na san za a ce mai ya yi tsada, sawu biyu asara ne. Gaskiya ne. Amma gefen kanal ƙasa ce, tana zaftarewa. Tirela ta tuntsure, na sama ne buhuna ke dannewa.

6/ Lodi ya tsaya daidai bakin tirela, a ɗaure da igiya, 'yan aiki su bi a babur. Tura wa direban garinku.