Kafin Ɗa Ya Zaɓi Jami'a a Libreville

Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar bakaloriya ya fito, tambaya guda ce ke yawo a gidajen Hausawan Libreville: wace jami'a za a tura yaro? A ganinmu akwai tambayar da ta girme ta: idan ya gama, wa zai ɗauke shi aiki?

Shekara da shekaru hanyar a miƙe take. Yaro ya shiga Jami'ar Omar Bongo, wadda aka kafa a 1970, ya karanta shari'a ko tattalin arziki, ya jira gurbi a gwamnati. Sai ga shi a 2018 an dakatar da ɗaukar sababbin ma'aikata don tsuke bakin aljihu. Masu digiri suka zauna jira, iyayen da suka tara kuɗin karatun a rumfunan kasuwar Mont-Bouët suna kallo.

Arzikin Gabon kuwa a fili yake: man fetur a Port-Gentil, ma'adinin manganis a Moanda, katako a daji. Tun 2010 aka hana fitar da gungume ba a sarrafa ba, masana'antun katako suka taru a Nkok, kusa da Libreville. An kuma sanar da irin wannan hani kan ɗanyen manganis daga 2029. Sarrafa kaya a gida yana buƙatar injiniyoyi da masu kula da injina. Ana horar da irinsu a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Masuku a Franceville, da makarantar ma'adinai ta Moanda da aka kafa tare da kamfanin Comilog.

Mun san uzurin iyaye: Franceville da nisa. Amma kakanninmu da ƙafa suka biyo fatauci har ƙasar nan, balle yau da jirgin ƙasa ke tashi daga Owendo.

Ƙasa ba ta rayuwa babu lauya da malami, kuma yaron da zuciyarsa ke kan adabi bai kamata a tilasta masa aikin ƙarfe ba. Abin da muke roƙo shi ne a zaɓa ido buɗe. Kafin a biya kuɗin rajista, musamman a makarantun kuɗi, a bincika: gwamnati ta amince da takardar shaidarsu? Waɗanne kamfanoni ke karɓar ɗalibansu don sanin makamar aiki? Ina waɗanda suka gama bara suke? Makarantar da ta kasa amsa waɗannan, a riƙe kuɗin a nemi wata. Tun ran gini ran zane.