Tsohon Injin Yankan Itace Ya Cancanci Wuri A Makarantarmu

Ɗalibai, 'yan'uwana malamai, da iyaye masu karanta wannan mujalla ta ƙarshen shekara, ina da wata shawara wadda na san waɗansu za su yi mata dariya. Shawarar ita ce, makarantarmu ta ware ɗaki ɗaya, ko da ƙaramin sito ne, inda za a riƙa tara tsofaffin injinan yankan itace waɗanda suka mutu, domin ɗalibai su riƙa kwance su suna gyarawa ran Asabar bayan aikin tsabta. Ni kaina shekara shida ke nan ina wannan abu a gida. Ina da guda biyar, uku suna tashi, biyu har yanzu sun ƙi. Dukansu a hannun 'yan gwangwan na saye su a nan Daura, bisa awon kilo, kamar yadda ake sayen fasasshiyar tukunya. Uwargida tana kiransu kishiyoyinta, ba kuwa na musa mata.

Me ya sa wannan inji, ba wani ba? Domin cikakken inji ne wanda yaro ɗan aji uku zai iya ɗauka ya ɗora a kan tebur. Yana da fistin ɗaya, fulogi ɗaya, kafireta ɗaya. Duk lokacin da fistin ya hau ya sauko, wuta ta kama sau ɗaya. Ba shi da ma'ajin baƙin mai kamar na mota, shi ya sa ake gauraya masa man da fetur: sababbi kashi 1 cikin 50, tsofaffi da yawa kashi 1 cikin 25. Irin wannan tsari ne ke cikin ƙaramin janareton nan na masu shago, da tsofaffin babura masu hayaƙi. Watau wanda ya gane wannan, ya sami mabuɗin waɗancan.

Akwai kuma abubuwan da muke wahalar zanawa a allo, alhali ga su a fili cikin injin. Idan yana aiki a hankali sarƙarsa ba ta motsi. Da an ba shi wuta, sai waɗansu ƙarafa a cikin kulocinsa su buɗe waje su kama kwanon da ke jan sarƙar, daidai yadda dutse yake jan hannun mai wulwula majajjawa. Na yi shekaru ina bayyana wannan da alli, rabin aji na hamma. Ranar da na kawo kulocin a aljihu na miƙa shi daga benci zuwa benci, ba wanda ya yi hamma.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, yawancin injinan da ake zubarwa ba su mutu ba, suma suka yi. A cikin kafiretarsa akwai wata 'yar roba siririya, shimfiɗe kamar fatar ganga, ita ce ke zuƙo fetur, ita ce kuma ta sa injin ke aiki ko an karkata shi ko an kifa shi. In aka ajiye shi watanni da fetur a ciki, sai robar ta bushe ta sandare. Mai shi ya ja igiya har kafaɗa ta yi ciwo, ya ce ya mutu. Wani kuwa ƙurar hunturu ce ta toshe masa matacin iska. Wani fulogi ne ya yi baƙi. Mutuwa ta gaskiya ita ce a sayo fetur a kwalba wurin 'yan bumburutu, a ƙi zuba masa mai yadda ya kamata don tsimi, fistin ya yi zafi ya kama. Cikin nawa biyar, ɗaya ne kaɗai wannan ya same shi. Sauran ba su wuce a wanke, a canja roba, a yi haƙuri ba.

Tarihinsa ma abin koyarwa ne. A 1926 wani Bajamushe mai suna Andreas Stihl ya ƙera zarto mai aiki da lantarki, a 1929 kuma ya fito da mai fetur. Nauyinsu ya wuce kilo 40, sai mutum biyu ke riƙe su. Sai a 1959 kamfaninsa ya fito da wanda ake kira Contra, mai kilo 12, wanda mutum ɗaya zai yini da shi. Amma labarin da na fi so shi ne na haƙoran sarƙar. Wani mai saran itace a Amurka, Joseph Cox, ya tsaya yana kallon tsutsar wani ƙwaro tana huda kututture. Ya lura muƙamuƙanta biyu lanƙwasassu ne, wannan ya yanka ta dama, wancan ya yanka ta hagu. Ya koma gida ya kwaikwayi abin da ƙarfe, a 1947 ya fara ƙera sarƙarsa. Ku duba kowane inji a wurin masu faskare yau, za ku ga haƙori ɗaya dama, ɗaya hagu. A Turai da Amurka akwai mutanen da ke tara tsofaffin Stihl da Husqvarna da McCulloch, su goge su jera a kan kanta don kallo. Ba irin wannan nake nufi ba. Mu ba mu da halin ajiye abu don kallo kawai.

Yanzu bari in zo ga abin da wani dattijo a ikkilisiya ya faɗa mini, gama maganarsa tana da nauyi. Ya ce, "Malam, a ƙasar da hamada ke ƙwanƙwasa ƙofa, kai ne za ka koya wa yara ta da abin da ke cinye itatuwa?" Ban raina wannan tambaya ba ko kaɗan. Duk wanda ya bi hanyar Zango ko Baure ko Mai'adua ya san yadda gonaki suka yi fayau a waɗansu wurare. Katsina tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin nan na Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Tun da aka janye tallafin mai a 2023 tsadar rayuwa ta ƙaru, gidaje da yawa da na sani sun koma itace da gawayi. Gawon da kakan mutum ya bari a gona, wanda mai gatari zai yini yana fama da shi har maƙwabta su zo su hana, inji zai kwantar da shi kafin a gama shan fura.

Duk da haka ban yarda ƙin koyar da yaranmu zai ceci ko bishiya ɗaya ba. Masu sare itace don sayarwa suna da makanikansu, ba jiranmu suke ba. Abin da ba su da shi, shi ne wanda ya koya musu inji da bishiya tare.

Amsar tana maƙwabtanmu. A 1983, a yankin Maraɗi, wani ma'aikacin mishan na SIM ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya gane cewa 'yan tsirrai da manoma ke sharewa kowace shekara ba ciyayi ba ne, toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, saiwarsu tana nan da rai. In aka zaɓi toho kaɗan masu ƙarfi aka bari, aka datse sauran, sai itacen ya dawo. Manoma suka kira abin sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ƙasa mai faɗin hekta miliyan 5 ta farfaɗo a Nijar ta wannan hanya, da itatuwa kusan miliyan 200. Wanda ya haye iyaka ta Kwangwalam ya nufi Matameye zai ga gawo a gonaki da idonsa. A lura, ba hana yanka aka yi a can ba. Koya wa mutane aka yi abin da za su yanka da abin da za su bari. Gaskiya wannan aiki na adda ne da wuƙa, ba na inji ba. Amma hankalin ɗaya ne, shi nake so ya shiga ɗakin gyaranmu.

Saboda haka ƙungiyar za ta kasance da doka: injin makaranta ba zai taɓa gindin ɗanyen itace ba, ko wa ya roƙa, ko nawa zai biya. Aikinsa shi ne darbejiyar da guguwar farkon damina ta kayar ta tare hanya, da busasshen reshen da ke lilo bisa rufin aji, wanda yanzu muke biyan wani daga gari ya zo ya cire. Kowane ɗan ƙungiya kuma za a ba shi kututture biyar a gonar makaranta ya yi renonsu har ya gama aji shida. Wanda kututturansa suka mutu don sakaci, ya ajiye sifana.

Iyaye za su yi tambaya game da haɗari, suna da gaskiya. Tsofaffin injinan nan da yawa ba su da birkin sarƙa irin na sababbi, in kuwa bakin ya taɓa abu ta sama yakan yi tsalle ya komo wajen fuskar mai riƙe da shi. Don haka ba ɗalibin da zai ta da inji sai an cire sarƙa da faifan da take gudu a kai. Yanka kuwa na babban mutum ne wanda ya ƙware. Ɗalibai za su koyi wasa haƙora da zagayayyen magagari, sarƙa tana ɗaure a kan tebur, kowane haƙori a karkace kimanin digiri 30. 'Yan mata su ma su shigo. Wadda ta iya saita keken ɗinki ba abin da zai gagare ta a kafireta.

Na sani akwai masu ganin yaron da aka biya wa kuɗin makaranta bai kamata a gan shi da baƙin mai a hannu ba. Ina roƙonsu su ƙirga waɗanda suka gama a nan shekara biyar da suka wuce, su ga nawa ne ke zaune a ofis.

Abin da muke bukata kaɗan ne: tebur biyu, akwatin sifana da sukudireba, bokitin yashi saboda gobara, da kwado mai kyau a ƙofa. Duk ɗan ikkilisiya ko tsohon ɗalibi da ke da mataccen inji a bayan ɗaki, ya kawo wa ofishin shugaban makaranta a makon farko na zango mai zuwa. A zubar da fetur ɗin da ke ciki, amma kada a wanke shi, domin dattin da ke jikinsa muke fara dubawa.